Ƙasar da Na Tara wa Shukar Hajja

Ɗan Hajja ya san ba a rufe jikin shukar nan da ƙasa. Ya gan ni da idonsa ina rufewa, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya kalle ni, ya wuce. Wannan nake riƙe da shi a kansa har yau, kuma ban ga ranar da zan sake shi ba. Nawa laifin na san shi, zan faɗe shi a nan ban rage komai ba. Amma ni rashin sani ne ya kai ni. Shi kuwa ya sani, sai dai yana ganin ya fi ƙarfin ya buɗe baki ya yi wa mai shara magana.

Mun zo Sabha ne, can ƙasar Larabawa a tsakiyar hamada, a shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa, ni da maigidana, a bayan kamyo, babbar motar kaya, daga wani ƙauye kudu da Damagaram. Lokacin in ka kunna rediyo ba abin da ake faɗa sai cewa mutanen Afirka duk 'yan uwa ne, a manyan tituna kuma ga alluna an zana taswirar nahiyar. Maigidana magini ne. Ya yi wata biyar yana ɗora bulo a cikin gari, sannan ya bi abokansa arewa, can bakin teku, inda aka ce aiki ya fi yawa. Ni na zauna a ɗakin haya a unguwar Mahdiya, mu uku mata, na samu aikin gida a unguwar Abdulkafi wurin wata tsohuwa da kowa ke ce wa Hajja. 'Yata mai shekara huɗu tana can gida wurin innata.

Mijin Hajja ya daɗe da rasuwa. Ciwon suga ya ci idanunta, haske da duhu kawai take rarrabewa. Ɗanta namiji yana saman bene da iyalinsa, ita tana ƙasa. Baƙa ce, ba ta fi ni haske da komai ba. Ranar da aka kai ni na yi sallama, ta saurari muryata, sai ta ce da Hausa, "Daga ina?"

Na tsaya baki buɗe. Ashe kakarta daga Kano aka zo da ita zamanin ayari, ita ta goya ta, a bakinta ta tsinci harshen. Hausar tsofaffi ce cakuɗe da Larabci, ni na miƙar da ita a nan saboda mai karatu.

Na ce, "Daga Damagaram, Hajja."

"To, an gama da ni. Duk matan duniya a rasa wadda za a kawo mini sai 'yar Damagaram. A ɓoye cokula."

Da na ga wasan da ke tsakaninmu da Kanawa ya biyo ni har cikin wannan yashi, sai na saki jiki. Na ce, "In Kanon tana da daɗi, Hajja, me ya fito da kakarki har nan?"

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Ba a tambaye ta ba." Ta miƙo hannu in kama, ta ce in zo ta nuna mini aikin da ya fi wanke-wanke.

Ɗaki ne a ƙarshen gidan, ɗakin 'yarta, mace ɗaya tilo da Allah ya ba ta. Ma'aikaciyar jinya ce, ta kwanta ciwo wata uku ta rasu, shekara guda da 'yan watanni kafin zuwana, ba ta yi aure ba. An ba da tufafinta sadaka, littattafanta ɗan'uwanta ya kwashe. Gado ya rage, da labule, da wata shuka a ƙarƙashin taga cikin tukunyar yumɓu mai faɗin baki. Wata abokiyar aikinta 'yar ƙasashen kurmi ce ta yanko mata guntu lokacin da za ta koma garinsu.

Ban taɓa ganin irinta ba. Ganyen kamar na gwaza, faɗin faifai, amma kore mai duhu, da jijiyoyi farare kamar an ja su da alli. Da na taɓa sai na janye hannu, don ban yi zaton abu mai rai zai yi laushi haka ba. Karammiski ne sak, irin wanda ake shimfiɗa wa gadon amarya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba a tsaye take ba. Karanta mai kaurin ƙaramin rake yana kwance a kan ƙasa tsirara, ya taso daga wannan gefen tukunya ya nufi wancan, ganyaye suna tashi daga bayansa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi a baya, sabo a gaba.

Hajja ta ce, "'Yata tana ce mata mai rarrafe. Cikin duk abin da hannunta ya taɓa, ita kaɗai ta rage mini mai numfashi. In ta mutu, ya binti, na binne yarinyar nan sau biyu ke nan." Haka take kirana, ya binti, wato 'yata.

Ta shimfiɗa mini dokoki. Kada rana ta taɓa ta kai tsaye, labule ya zauna a sauke, haske ya shigo ta cikinsa. Kada in zuba ruwa sai na tura yatsa har gaɓa ta biyu na ji ƙasa ta bushe, ruwan kuma a tara shi a bokiti ya kwana tukuna. Kada in goge ganye da tsumma, balle in shafa masa mai. Wadda ta riga ni aiki ta shafa wa ganye ɗaya man zaitun don ya yi ƙyalli, ganyen ya mutu, ita kuma ta bar gidan. In ƙura ta hau, akwai gashin kaza guda a kan taga, da shi ake kaɗewa. A kan ƙasar tukunya ba ta ce mini komai ba. Bai zo mata a rai ba cewa akwai wanda zai taɓa ta.

Kullum bayan shayin safe nakan kama gwiwar hannunta mu je ɗakin. Ta zauna a bakin gado, in turo mata tukunyar kusa, ta bi ganyayen da bayan yatsunta tana ƙirga. Sunkuyawa ba ta iyawa saboda baya, don haka ganye kawai take kaiwa. Akwai na can ƙarshe, mafi tsufa, wanda ya buɗe lokacin yarinyar tana raye. A kansa take daɗewa. Takan ce, "Wannan ya gan ta." Ni kuma in tsaya a gefe da gashin kaza a hannu ina tunanin tawa 'yar, ko ta ƙara tsayi, ko har yanzu tana tsoron zakaran innata.

Na yi shekara cur ina kula da shukar nan, kuma na iya, ba yabon kai ba ne. Iskar Sabha busasshiya ce, in ka shanya zani kafin ka juya ya bushe, ita kuwa shukar 'yar ƙasar ruwa ce. Da zafi nakan jera kwanonin ruwa uku kewaye da ita, in jiƙa tawul in rataya a taga, in sake jiƙawa bayan azahar. Ranar da iskar kudu mai zafi ta taso, wadda suke ce wa gibli, sai in toshe duk wata kafa da tsumma. Da sanyi, wanda a garin nan yake shiga har ƙashi, nakan janye ta daga jikin taga in rage mata ruwa. Ganye ɗaya take yi a wata biyu, wani lokaci uku. Yakan fito a naɗe kamar tabarma, ja-ja kamar tafin jariri, ya yi mako biyu yana warwarewa. Ranar da ya gama buɗewa Hajja takan ce in dafa mana shayi da gyaɗa a ciki.

"Suna muke yi, Hajja?"

"Suna mana. Ke ce ungozoma. Ban taɓa jin 'yar Damagaram ta riƙe amana shekara guda ba, sai a rubuta."

"Wa zai rubuta? Ni ban iya ba, ke ba kya gani."

Gaskiya na faɗa mata. Sai da na haura arba'in, bayan na koma gida, na zauna a ajin yaƙi da jahilci.

Da muka shiga shekara ta biyu ganye shida ne da ita, kuma karan ya kai bakin tukunya. Ya haura ya leƙo waje, saiwoyi biyu farare suna reto a iska ba ƙasar da za su shiga. Na gaya wa Hajja. Ta ce ai ta sani, ta riga ta yi wa ɗanta maganar akwati. Wane akwati, ban tambaya ba, na ɗauka babbar tukunya take nufi.

Bari in faɗi yadda ɗan nan yake. Ma'aikacin ofis ne, mai tsafta, ba ya fashin gaida mahaifiyarsa safe da yamma, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma in ya shigo ya ji tana Hausa da ni sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Yumma, yi Larabci." Ni kuwa bai taɓa yi mini magana ba, ko sau ɗaya. Ina tsaye a gabansa zai ce wa uwarsa, "Gaya wa Afrikiyya ta share matakala," alhali ya san na fara jin Larabcin. In na gaishe shi sai ya dubi agogo. Kullum Hajja takan tuna masa akwati, kullum ya ce, "Gudwa, yumma," wato gobe. Haka aka yi wata biyu.

Saiwoyin nan suka bushe suka zama kamar zare. Sabon ganye ya fito, da ya buɗe bai wuce tafin hannuna ba. Hajja ta shafa shi, ranar ba ta ce a dafa shayi ba. Can ta ce, "Wannan ɗan yunwa ne."

Abin ya tsaya mini a rai. Ni 'yar lambu ce. Babana yana da fadama, tun ina shekara bakwai nake bin sa, gwaza da rogo da rake da dankali ba wanda ban sa hannu a kai ba. A wurinmu ganin saiwa a waje abin kunya ne ga manomi, maƙwabci zai wuce ya ce wane ya bar shukarsa tsirara. In gwaza ya tasa sai a tara masa ƙasa a gindi, a danna, a ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi, a nan yake yin 'ya'ya. Tun ranar farko da na ga karan nan a kwance a fili hannuna yake yi mini ƙaiƙayi. Na ce a raina mutanen gari ne, ba su san shuka ba, shekara da shekaru sun bar ta ba sutura. Ganyenta na gwaza, me zai sa cikinta ya bambanta?

Wata ranar Alhamis da hantsi, Hajja ta sha magani tana barci, na je gidan maƙwabta masu awaki na roƙi ƙasar turke, baƙa mai nauyi, wadda taki ya ruɓe a ciki. Na ciko tire. Na durƙusa, na lanƙwaso kan karan a hankali na mayar da shi cikin tukunya, na rufe shi duka daga baya har gaba, har sai da ƙasa ta kai wuyan ganyaye. Ina cikin dannawa da tafin hannu na ji mutum a bakin ƙofa. Shi ne. Na gaishe shi da Larabci. Ya dubi tukunyar, ya dubi hannuwana, ya sake duban tukunyar. Ya daɗe, har na ga laɓɓansa sun motsa. Sannan ya juya, na ji ƙarar ƙofar gida, na ji mota ta tashi. Na ɗauko bokiti na ba shukar ruwa sosai, yadda muke yi.

Ban gaya wa Hajja ba. So nake sai babban ganye ya fito in ce mata ga aikin 'yar Damagaram.

Makon farko ba abin da ya canza, har ina jin daɗi. A na biyu ganye ɗaya na tsakiya ya fara rawaya daga gefe. Na tura yatsa na ji ƙasa jiƙe sharkaf, kwana goma ba ta bushe ba, amma kaina bai kawo komai ba, na ce zafi ne, na ƙara tawul a taga. Ganyen ya langaɓe na cire shi. Da safe Hajja ta ƙirga ta sake ƙirgawa.

"Ɗaya ya tafi."

"Zafi ne, Hajja."

"Bara ma an yi zafi."

Bayan kwana huɗu na biyu ya bi, sannan ɗan ƙaramin sabon. A nan ne zuciyata ta fara gaya mini gaskiya. Na shiga ɗakin ni kaɗai na sunkuya, na ji wani wari yana tashi daga tukunyar, irin na dankalin da ya kwana cikin ruwa. Na san warin nan, ba wanda ya tashi a lambu da bai san shi ba. Da na tone a ranar da wataƙila rabin karan ya tsira. Ban tone ba. Na tuna matar man zaitun, na ji tsoro, na mayar da labule na fita, na yi kwana uku ina ce wa kaina zai gyaru. Wannan ne laifina, kwana ukun nan. Ba ni da wanda zan ɗora wa su.

Ranar Litinin da safe na kai ta ɗakin. Ta bi ganyaye huɗun da suka rage, ta kai hannu kan tsohon nan wanda ya ga 'yarta. Shafawa kawai ta yi, ya tsinko ya biyo hannunta. Ta riƙe shi a cinya. Ta kai gindinsa hanci ta shinshina.

"Ya binti, me ke cikin tukunyar nan?"

"Ƙasa ce na ƙara, Hajja."

"Kika ƙara a ina?"

"Na rufe karan. Yadda ake yi wa gwaza."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce in kama hannunta in kai shi ƙasa. Na ce bayanki, Hajja. Ta ce in kai shi. Ta zamo daga bakin gado ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko a salla, don a kujera take yi. Muka tona tare, ni da ita. Karan da na sani mai tauri ya zama kamar dafaffiyar kabewa, yatsa yana shigewa, baƙin ruwa yana fita. Ganyaye ukun da suka rage suka kwanta da kansu, ba abin da ke riƙe da su.

Ta ce, "Ba gwaza ba ce. Tafiya take yi. Bayanta yana son iska, cikinta ne kawai yake taɓa ƙasa." Tana magana a hankali kamar mai karanto wasiƙa. "A asibiti yarinyar nan ta gaya wa ɗan'uwanta, ina zaune. Ta ce in ta kai baki a yi mata akwati mai tsawo a wurin kafinta, a ɗora ta a kai ta ci gaba. Ta ce ko da wasa kada a binne ta, za ta ruɓe. Sau biyu ta maimaita masa, ga numfashi yana yi mata wuya."

"Ba ki gaya mini ba, Hajja."

"Ban gaya miki ba."

Muna nan a ƙasa har ɗanta ya sauko gaisuwa. Ya tarar da uwarsa durƙushe hannu duk taɓo. Ya ɗaga ta ya zaunar, yana faɗa da Larabci da sauri, yana cewa ai ya sha faɗa, waɗannan mutane ba su san komai ba, ba a sakar musu gida. Duk da uwarsa yake, ni ko kallo ban samu ba.

Na miƙe. Larabcina na kasuwa ne, amma ya ishe ni. Na ce, "Kai nake yi wa magana. Ranar Alhamis, mako uku da suka wuce, ka tsaya a nan ko ba ka tsaya ba?"

Ya ce wa uwarsa, "Gaya mata ta yi shiru."

"Ba ita za ta gaya mini ba, ga ni a gabanka, ina da kunne. Ka gan ni ina zuba ƙasa. Kalma ɗaya ce, a'a. Ko akuya ka gani tana cin ganyen nan za ka ce mata kai."

Hajja ta juyo da fuska wajen da yake. Ta ce da Hausa, wadda ya ƙi jini, kuma na tabbata yana ji, "Ka gan ta?"

Ya kawar da kai. Sannan ya ce da Larabci yana sauri ne a ranar, ya yi niyyar gaya mata da yamma ta gaya mini, sai ya manta.

Hajja ta juyar da fuska daga gare shi. Ta ɗauki ganyen nan daga kan gado ta shimfiɗa a cinya tana miƙar da gefensa. Hawaye suna zuba daga idanun da ba sa gani, ba ta share ba. Shi kuwa kunya ta koma masa fushi. Ya sunkuci tukunyar ya fita da ita ya dire a ƙofar gida inda ake tara shara. Ya dawo ya ce wa uwarsa aikina ya ƙare, kada ya sake ganina a gidan, zai kawo wata.

Na jira Hajja ta yi magana. Na ɗaura mayafina a hankali, na ɗauki takalmana, na tsaya a bakin ɗaki. Na ce, "Hajja, na tafi." Ba ta ɗago ba. Ban riƙe ta da wannan ba, ko a ranar ban riƙe ta ba. Matar da ta sake binne 'yarta da safen nan ba ta da bakin da za ta tsaya wa wani. Amma ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna yana yi.

A ƙofar gida tukunyar tana nan a kife, ta tsage gida biyu. Na wuce ta har na kai kwanar layi. Sai na dawo. Na tsuguna a cikin rana ina bin karan da yatsa gaɓa gaɓa, duk inda na taɓa ya narke. Can wajen kai, wanda na lanƙwaso daga bakin tukunya, inda ƙasar da na zuba ba ta yi kauri ba, na ji tauri. Guntu ne bai kai tsawon yatsana na tsakiya ba, gefe ɗaya baƙi, amma a jikinsa akwai ido guda, ɗan tsiro kamar ƙwayar gero, bai mutu ba. Na karye shi na ƙulle a bakin zani.

Da na isa Mahdiya ɗaya daga cikin matan ɗakinmu, 'yar Maradi mai aikin wanki, tana shanya a tsakar gida. Ta ce lafiya na dawo da rana tsaka. Na gaya mata. Na kwance bakin zani ta leƙa.

"Yaya, an kore ki, abin da kika fito da shi daga gidan Larabawa ke nan? Ruɓaɓɓen gwaza?"

"Ba gwaza ba ne. Ba ni wuƙarki."

Na sa wuƙar a wuta ta yi zafi ta huce. Na riƙa yanke baƙin kaɗan kaɗan har na kai inda naman ya yi fari tas, abin da ya rage bai fi gaɓa biyu ba. Na shafa wa wurin yankan toka mai sanyi, yadda babana yake yi wa iri in ruɓa ta taɓa shi, na ajiye a inuwa a kan faifai ya sha iska. 'Yar Maradi tana kallona. Ta ce ko ya tsiro wa zan kai wa, ba an ce kada a sake ganina ba. Ta ce akwai wani gida a bayan kasuwa suna neman mai aiki, in shirya gobe ta raka ni. Ta ce, "Tsohuwar nan fa ko uffan ba ta ce ba da aka kore ki." Na ce na sani, ina wurin.

Ban san ko zai rayu ba. Guntu ne ƙanƙane, ba saiwa, ba ganye, kuma ko ya kama sai an yi watanni kafin ya ba da abin da hannu zai shafa. Hajja kuma ƙarfinta yana raguwa, ni da nake kama gwiwar hannunta kullum na fi kowa sani. In na riƙe shi a ɗakinmu har ya yi ganye, wataƙila in kai in tarar ba wanda zan ba. Kuma gobe da safe za ta gama shayi, ƙafarta ta nufi ɗakin nan da kanta.

Da gari ya waye na ɗauki bidon ruwanmu na roba, mai cin lita ashirin, na kwantar da shi na tsaga shi a tsaye, na huda ƙasansa da ƙusa wuri takwas. Na farfasa gawayi, na tsittsinka zaren jikin dabino, na gauraya da yashi mai tsakuwa da ƙasa kaɗan. Na ɗora guntun a can ƙarshen gefe ɗaya, idon yana kallon sama, duk tsawon bidon yana gabansa. Ko ƙwayar ƙasa ban sa a bayansa ba. Na rufe da jiƙaƙƙen ɗankwali saboda rana, na ce wa 'yar Maradi ta je bayan kasuwa ita kaɗai. Na jira har lokacin da na san motarsa ta fita, na shiga taksi da bidon a cinya, na sauka a Abdulkafi, na ƙwanƙwasa ƙofar Hajja.